Wa ya ce wa Google sayayya na zo yi?

Duk sanda ka ɗauki waya ka rubuta kalma biyu ko uku a wurin binciken Google, kafin ka ɗage yatsa an riga an yanke hukunci a kanka. Injin ya tambayi kansa, wannan mutumin me ya kawo shi? Sani yake nema, ko wani shafi yake so a kai shi, ko kuwa hannunsa na aljihu sayayya zai yi? Amsar da ya ba kansa ita ce take tsara duk abun da za ka gani, ko talla ce za ta fara tarbarka, ko taswira, ko bidiyo, ko 'yar gajeriyar amsa a sama wadda za ta sa ka rufe waya ba tare da ka shiga shafin kowa ba. Ni kuma abun da yake damuna shi ne wannan hukuncin a ɓoye ake yinsa, ba a gaya maka rukunin da aka jefa ka, ba a ba ka dama ka ce a'a ba haka nake nufi ba, sannan wanda yake yin rabon yana da riba mai kauri a ɗaya daga cikin rukunan. A ganina wannan ya wuce maganar 'yan kwamfuta su kaɗai, magana ce ta duk mai riƙe da waya.

Bari mu koma inda abun ya samo asali. A shekarar 2002 wani masani mai suna Andrei Broder, wanda ya yi aiki da AltaVista (matasan yanzu ba su san shi ba, amma kafin Google ya yi ƙarfi shi ne babban injin bincike), ya fitar da wata 'yar takarda da har yau ake kafa hujja da ita. Ya ce masu bincike a intanet kashi uku ne. Akwai mai neman a kai shi wani shafi da ya riga ya sani, kamar wanda ya rubuta BBC Hausa don kawai ya ƙyuya rubuta adireshin. Akwai mai neman sani, yana so ya karanta wani bayani ko a ina yake. Sai na uku mai son aiwatar da wata harka, saye ko sauke waƙa ko fayil ko buga wasa. Kafin shi galibin masana fannin suna ɗauka duk wanda ya zo bincike ilimi ya zo nema, kamar yadda ake yi a laburare, toh shi ne ya nuna cewa intanet ba haka take ba, da yawa hanya kawai suke tambaya, wasu kuma ciniki ya kawo su.

Yadda ya yi lissafinsa yana da ban sha'awa kuma ya kamata a sani. Ya ɗebo tambayoyi 1,000 daga rumbun AltaVista, ya cire waɗanda ba da Turanci aka rubuta ba, ya cire na batsa, sannan ya zauna ya duba 400 na farko da idonsa yana ƙiyasin me kowanne yake nufi. Ya samu kashi 48 cikin ɗari neman sani ne, kashi 30 harka ce, kashi 20 neman shafi. Ku lura da kyau fa, tambaya 400, duk da Turanci, kuma mutum ne yake kallon kalmomi yana cankar niyya. Ba laifinsa ba ne, shi da kansa ya faɗa cewa gane niyya daga kalmomin tambaya kaɗai kusan canke ne, kuma ya haɗa da tambayar masu amfani da shafin kai tsaye. Amma waɗanda suka zo bayansa, musamman masu sana'ar tallata kaya a intanet, sun ɗauki rabon nan uku kamar wani abu da aka saukar daga sama.

Shekara biyu bayan nan, a 2004, Daniel Rose da Danny Levinson na kamfanin Yahoo suka sake yanka abun. Suka ce neman sani ɗin nan ai ba iri ɗaya ba ne, akwai mai tambaya guda mai amsa guda, akwai mai son ya san komai da komai a kan abu, akwai mai neman shawara, akwai mai neman inda ake samun abu, akwai mai son a jero masa sunaye ya zaɓa. A nasu ƙidayar neman sani ya kai wajen kashi 60. Sai kuma a 2008 Bernard Jansen da abokan aikinsa suka sa kwamfuta ta raba tambayoyi sama da miliyan ɗaya da rabi na wani injin mai suna Dogpile, suka ce sama da kashi 80 neman sani ne, sauran biyun kowanne wajen kashi 10. Daga 48 zuwa 60 zuwa 80. Wani zai ce ai shekarun ne suka canza mutane, eh akwai wannan, amma babban dalilin shi ne kowa inda ya ja layinsa daban, abun da wannan ya kira ciniki wancan ya kira shi neman sani. Kuma da su Jansen suka gwada na'urar tasu da abun da mutane suka raba da hannu, kashi 74 ta dace, sauran kusan rubu'in suka ce tambayoyi ne masu harshen damo ko masu niyya fiye da ɗaya. Wannan rubu'in shi ne ya fi damuna, don a cikinsa ne masu matsala ta gaske suke.

Google ma yana da nasa rabon kuma ba sirri ba ne, yana cikin wani dogon kundi da yake ba dubban mutanen da yake haya su riƙa duba sakamakon bincike suna ba shi maki, ya saki kundin ga jama'a a 2015. A ciki an ce akwai mai son sani, da mai son sani a taƙaice wanda jimla ɗaya ko biyu ta ishe shi, da mai son aikata wani abu, da mai neman wani shafi, da mai son zuwa wani wuri da ƙafarsa kamar gidan mai ko gidan abinci. A wannan shekarar dai ɓangaren tallan kamfanin ya riƙa koya wa 'yan kasuwa cewa rayuwar mai waya ta kasu gida huɗu, lokacin son sani, lokacin son zuwa, lokacin son yi, da lokacin son saye, kuma su tabbata suna tsaye a bakin kowanne. Kun ga kenan rabon da aka fara don fahimtar mutum ya zama taswirar inda za a tare shi.

Kar a ce na zo ɓata abu mai amfani. Wallahi rabon nan yana aiki a mafi yawan lokuta kuma ni ma ina cin moriyarsa kullum. In ka rubuta lokacin sallar magariba a Kano ba ka son a kawo maka tarihin yadda ake lissafin faɗuwar rana, lokaci kake so, kuma a ba ka. In ka rubuta sunan ƙungiyar ƙwallonka ana cikin wasa, ci nawa ne kawai damuwarka. Kuma injin yana ƙara wayo, a 2019 da suka shigo da wata fasaha mai suna BERT sun ba da misalin ɗan Birazil da yake tambayar ko yana buƙatar biza don zuwa Amurka, da can sai a kawo masa labarin Amurkawa masu zuwa Birazil, wato an juya masa tafiyar, bayan gyaran sai aka fara kai shi shafin ofishin jakadancin Amurka. Wannan ci gaba ne, ba musu. Kamfanin kuma ya sha faɗa cewa kashi 15 na tambayoyin da yake samu kowace rana bai taɓa ganinsu ba, don haka dole ya yi canke, ba yadda zai yi.

Inda nake da ja shi ne, duk rabon nan an gina shi ne a kan cewa mutum ya san abun da yake so kafin ya zo. Alhali mutanen laburare sun daɗe da gano cewa ba haka ba ne. Tun 1968 wani malamin fannin a Amurka, Robert Taylor, ya yi nazarin yadda ma'aikatan laburare suke hira da masu zuwa tambaya, ya ce buƙatar mutum tana bin matakai huɗu. Da farko wani abu ne kawai yake sukarsa a rai wanda shi kansa ba zai iya faɗarsa ba. Sannan ya zama wani tunani a ka, amma a hargitse. Sannan ya iya tsara shi ya zama tambaya. Na huɗu kuma shi ne abun da yake furtawa a gaban tebur, wanda ya riga ya rage shi ya lanƙwasa shi daidai da abun da yake zaton wurin zai iya ba shi. Toh wannan na huɗun, ragaggen, shi kaɗai injin bincike yake gani. Aikin ƙwararren ma'aikacin laburare a wurin Taylor shi ne ya bi da mutum baya, ya yi masa tambaya, me za ka yi da shi, me ka riga ka karanta, har su iso ga ainihin abun. Hausawa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuma injin ba fuskar da yake gani, kalma uku ce a gabansa da wurin da wayarka take da abubuwan da ka taɓa dannawa.

Wani masanin fannin, Nicholas Belkin, ya ƙara fito da abun a farkon shekarun 1980, ya ce ai abun da yake kai mutum bincike giɓi ne a iliminsa, kuma rashin adalci ne ka ce wa mutum ya siffanta maka daidai abun da bai sani ba. Wata masaniyar fannin kuma, Carol Kuhlthau, ta bi ɗalibai masu rubuta aikin makaranta tun daga ranar da aka ba su har suka gama, ta fitar da sakamakon a 1991, kuma abun da ta gano duk wanda ya taɓa rubuta furojet zai gane shi: ruɗani ba raguwa yake ba da zarar ka fara karatu, ƙaruwa yake yi a tsakiya, ka karanta wannan ya ce kaza wancan ya ce akasin haka, ka ji kamar ka jefar da komai, sai daga baya in ka samu matsaya sannan hankali ya kwanta. Yanzu ku gaya min, wannan ɗalibin da yake tsakiyar ruɗani, ko uwar da ɗanta yake zazzaɓi yana dawowa, ko magidancin da aka ba takardar sallama daga aiki yana laluben me doka ta ce, a wane rukuni za a sa su? Tambayarsu ta farko daban, ta biyar daban, kuma aikin nasu ba na zama ɗaya ba ne, yana iya ɗaukar sati ana buɗe waya ana rufewa. Su ne suka fi kowa buƙatar a fahimce su, su ne kuma rabon ya fi cuta, don ko dai a cilla musu amsa mai layi biyu kamar sun tambayi babban birnin Ghana, ko a ɗauke su kwastomomi.

Nan ne maganar kuɗi take shigowa. Ka shiga tasha da jaka a hannu ka tambayi ɗan kamasho ina motar Zariya, zai nuna maka mota kuma Zariya za ta je, bai yi maka ƙarya ba, amma wadda yake da la'ada a kanta zai nuna maka, ba zai ce maka ga wata can ta kusa cika ba, kuma in ka ce masa kai tambayar kuɗin mota kawai ka zo yi don tafiyar sai jibi, kafin ka rufe baki jakarka tana but. Haka injin da talla take ciyar da shi yake. A 2023 kamfanin Alphabet, uwar Google, ya samu kuɗin shiga wajen dala biliyan 307, kuma wajen biliyan 175 daga ciki tallan da ke jikin bincike ne ya kawo su. Tambayar da aka sa a rukunin saye tana da farashi, 'yan kasuwa suna gwanjo a kanta, wadda aka sa a rukunin neman sani zalla sau da yawa ko sisi ba ta kawowa. Ba sai wani ya zauna a ofis ya ƙulla mugunta ba, in dai kuskure ta wannan ɓangaren yana kawo kuɗi, kuskure ta wancan ɓangaren kuma ba ya kawowa, kowa ya san inda ma'auni zai riƙa karkata a hankali. Kuma ba ni na fara faɗa ba, Sergey Brin da Larry Page, waɗanda suka kafa Google, da kansu, a takardar da suka gabatar da Google a 1998 suna ɗalibai a Stanford, sun rubuta cewa suna sa ran injin binciken da talla ke ɗaukar nauyinsa zai karkata ga masu talla ya bar buƙatar masu amfani da shi. Shekara biyu bayan nan, a 2000, suka buɗe AdWords, tsarinsu na sayar da talla a jikin bincike.

Wani zai ce in bai yi maka ba ka koma wani injin mana. Toh a watan Agustan 2024 alƙali Amit Mehta na wata kotun tarayya a Amurka ya yanke hukunci cewa Google ya yi kaka-gida a kasuwar bincike ta hanyar da ta saɓa doka, kuma a shari'ar ne aka ji cewa a 2021 kaɗai ya biya sama da dala biliyan 26 ga kamfanoni irin su Apple don ya zama shi ne injin da waya take zuwa da shi. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa shiga saitin waya suka canza? Don haka rabon da kamfani ɗaya ya yi shi ne kusan rabon duniya.

Ɗauki misalin da kowa ya sani a nan gida. Mutum ya rubuta maganin basir. Me yake nufi? Yana iya zama yana ganin jini ne ya tsorata yana so ya san ko abun na asibiti ne, yana iya zama kunya ce ta hana shi tambayar kowa, yana iya zama ma ba basir ɗin ba ne, sunan da ya sani kenan ya laƙaba wa ciwon, kuma kowa ya san yadda muke tara cututtuka goma a ƙarƙashin sunan nan. Amma kalmar magani tana wurin, sai a karanta shi a matsayin mai saye, kuma waɗanda suka fi kowa rubutu da bidiyo a kan wannan da Hausa masu sayarwa ne da lambar waya a ƙasa. Ko wanda ya rubuta yadda zan samu bashi cikin gaggawa. A zahiri harka ce, ciniki ne, a ba shi manhajar bashi shikenan an biya buƙata. Amma mutumin da ya rubuta haka da tsakar dare wataƙila abun da ya fi buƙata shi ne ya san nawa ruwan zai zama in ya makara, da abun da masu manhajar za su yi da lambobin da ke cikin wayarsa. Mun ga yadda aka riƙa tura wa 'yan uwa da abokan mutane saƙon cin mutunci a Najeriya har hukumar kare masu saye ta FCCPC ta shiga maganar a 2022, daga baya Google ya ce sai manhajar bashi ta nuna amincewar hukumar kafin ta zauna a Play Store. Tun 2016 ma kamfanin ya hana tallan bashin da ake biya cikin kwana 60. Wannan hanin da kansa shaida ne cewa sun san ba kowane mai neman abu ne ya dace a miƙa masa abun ba, sai dai sai an yi ɓarna tukuna ake gyarawa.

Akwai kuma kuskuren ɗaukar tambaya a matsayin mutumin. A 2008 Google ya fito da wani shiri na gano yaɗuwar mura mai tsanani ta hanyar ƙirga masu binciken alamominta, aka yi ta yabo ana cewa ya riga hukumar lafiya ta Amurka sanin inda cuta take. A farkon 2013 sai ga shi ya ƙiyasta kusan ninki biyu na abun da hukumar ta samu a asibitoci, kuma cikin dalilan da masana suka kawo har da cewa labarai sun yi ta yayata murar a lokacin, lafiyayyu suka yi ta bincike don tsoro ko son sani, na'ura ta ƙirga su a marasa lafiya. A 2015 aka daina wallafa ƙiyasin. Wanda ya fi wannan tayar da hankali shi ne abun da ya faru a Agustan 2006, lokacin da kamfanin AOL ya saki tambayoyi wajen miliyan 20 na mutum sama da 650,000, na wata uku, wai don masu nazari su amfana, ya cire sunaye ya sa lambobi. Cikin 'yan kwanaki 'yan jaridar New York Times suka bi tambayoyin lamba ɗaya har suka isa ƙofar gidan wata dattijuwa. A cikin abubuwan da ta bincika akwai cututtuka iri-iri, wanda duk ya karanta zai ce matar nan ciwo ya gama da ita, ashe ƙawayenta take duba wa don ta kwantar musu da hankali. Abu biyu ne a nan. Tarihin bincikenka ya isa a gane ko kai wane ne, amma bai isa a gane me kake nufi ba. Kuma mu nan da waya ɗaya take yawo a hannun mutum huɗu a gida, yaro ya yi aikin makaranta, uwa ta duba girki, ƙane ya duba ƙwallo, wanda ya iya karatu ya duba wa maƙwabci, sai ka rasa wane mutum injin yake zaton yana hira da shi.

Ga mai rubutu da Hausa kuwa abun ya ninka. Injin yana koyon niyya ne daga ɗimbin mutanen da suka rubuta irin tambayar a baya da abun da suka danna, in tambayar ba ta da yawa toh ba shi da abun koyo. Mu kuma muna rubutu yadda ya zo mana, rabi Hausa rabi Turanci, ba ƙugiya a haruffa, wani ya haɗe kalmomi wani ya raba. Ko ya gane niyyar ma, sai ya duba rumbu ya tarar shafukan da za su amsa ta da Hausa 'yan kaɗan ne, sai ya kawo abun da ya samu. Shi ya sa da yawa daga cikinmu suka koma yin tambaya a Facebook ko a guruf na WhatsApp ko su shiga TikTok, kuma in ka lura dalilin ba wai don amsoshin can sun fi inganci ba ne, sau da yawa ma shirme ne, dalilin shi ne a can wani zai ce maka tun yaushe abun ya fara, shekarar yaron nawa, a wane gari kake. Ana mayar maka da tambaya.

Abun da nake so a yi ba wani abu ne mai wuya ba. In injin ya yanke cewa ni mai saye ne, ya rubuta a sama ƙarara cewa mun ɗauka saye kake son yi, ga wurin dannawa in bayani kake nema. In tambayar tana cikin rubu'in nan mai harshen damo, musamman in ta shafi lafiya ko kuɗi ko shari'a, ya yi tambaya ɗaya kafin ya zuba amsa. Kundin Google da kansa ya ware irin waɗannan batutuwan ya ce na kuɗinka ne ko ranka, a tsananta a kansu, toh tsanantawar ta wuce duba ingancin shafi kawai, ta haɗa da tabbatar da me mutumin yake nema. Na san abun da za a ce, mutane ba su da haƙuri, in ka tsare su da tambaya za su gudu, kuma gaskiya ne ba wanda yake son a yi masa tambaya in ya nemi lokacin sallah. Amma ba a kan kowace tambaya nake magana ba, kuma fasahar tana nan, masu bincike a Microsoft sun wallafa aiki a 2020 kan yadda injin bincikensu mai suna Bing zai riƙa yin irin wannan tambayar ta neman ƙarin haske. Google ma a 2021 ya sa wasu ɗigo uku a gefen sakamako da za ka danna a gaya maka wani abu game da shafin da dalilin da ya sa aka kawo shi, sai dai bayanin na kalmomin da suka dace ne, ba ya gaya maka a wane rukuni aka sa ka, kuma an ɓoye shi inda sai mai naci zai gani. Tarayyar Turai ta riga ta sa Google da Bing a jerin manyan injinan da dokarta ta harkokin intanet ta ɗora wa ƙarin nauyin bayyana yadda suke aiki tun 2023. Najeriya ma ta samu dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, kuma in har ana tattara tarihin bincikena ana gina zato a kaina, ban ga dalilin da zai hana hukumar da ke kula da dokar ta ce ina da haƙƙin ganin zaton ba.

Yanzu kuma an shiga zamanin da na'ura take rubuta amsar da kanta a saman shafi. Da Google ya buɗe wannan a Amurka a watan Mayun 2024, cikin 'yan kwanaki aka ga ya shawarci wani ya zuba gam a miyar fiza don cuku ya manne, ashe wata tsohuwar barkwanci ce ya kwaso daga dandalin hira na Reddit, ya kuma ce a riƙa cin ƙaramin dutse kullum, wanda asalinsa daga wata jaridar raha ne. An yi dariya, kamfanin ya yi gyara. Ni ba dutsen ne ya tsaya min a rai ba. A da in injin ya yi kuskuren gane niyyarka, shafuka goma ne a gabanka, kana gani za ka gane an kauce, ka gangara ƙasa ko ka sake rubutu. Yanzu amsa ɗaya ce, a tsare, da murya irin ta wanda ya sani, kuma ba alamar cewa tambayar da ya amsa ba ita ka yi ba. Gefe guda kuma mutane sun fara rubuta wa waɗannan na'urorin dogon bayani, suna zayyana matsalarsu tun daga tushe, wato matakin nan na biyu da na uku da Taylor ya ce ba sa isowa tebur yanzu suna isowa, wanda zai iya sa a fahimci mutum fiye da da, in an so. A watan Oktoban 2024 Google ya fara sa talla a cikin waɗannan amsoshin na saman shafi a wayoyin Amurka.